Yadda Ake Gasa Kaza da Shinkafa a Tukunya Ɗaya

Wannan girki ɗan'uwan dafa-duka ne. Bambancinsu shi ne, a dafa-duka wuta gindin tukunya kawai take duka, a nan kuwa zafin obin ne yake kewaye tukunyar ta ko'ina. Shinkafa tana ƙasa cikin romo, kaza tana kwance a kanta, duk maiƙo da ruwan da kazar ta fitar shinkafar ce take shanye shi. Wanda ya taɓa cin mandi a Makka ko Madina ya san irin wannan ɗanɗano, domin asalin mandi, kamar yadda mutanen Yaman suke yin sa a rami, nama ne a sama yana ɗiga a kan shinkafa.

Wahalar girkin guda ɗaya ce. Kaza da shinkafa kowa da lokacin nunarsa, ga shi da zarar kin rufe tukunya kin tura obin, ba damar juyawa, ba damar ɗanɗanawa, ba damar ƙara ruwa kaɗan-kaɗan kamar yadda aka saba a kan murhu. Duk abin da zai sa girkin ya yi kyau ko ya lalace, tun kafin a rufe murfi ake yanke shi: irin kazar, awon ruwan, zafin romon, da yadda murfin ya kama.

Wace kaza, wace shinkafa

Kazar gidan gona mai taushi, wadda ake yankawa tana da mako shida zuwa takwas, ita ce ta dace da wannan girki kai tsaye, domin tana nuna cikin minti 45, daidai lokacin da shinkafa take buƙata. A jikinta ma cinya da ƙafa sun fi, da ƙashinsu da fatarsu. Naman cinya yana da kitse, yana jure zafi, ko ya wuce lokaci da minti goma ba zai bushe ba. Tsokar ƙirji kuwa tana nuna cikin minti 20 zuwa 25, kafin shinkafa ta yi ta riga ta zama kamar ɓawo. Idan kaza guda kika saya kuma dole ƙirjin ya shiga, ki bar shi da ƙashi da fata, ki raba shi biyu kawai, ki ajiye shi a tsakiyar tukunya inda zafi bai kai na gefe ba.

Kazar Hausa da tsohuwar kaza mai ƙwai sun fi daɗin romo nesa ba kusa ba, amma ba sa nuna a minti 45. Su sai an fara sulala su da albasa, citta, tafarnuwa da gishiri, minti 40 zuwa awa guda, har sai cokali mai yatsu ya shiga amma naman bai fara barin ƙashi ba. Romon da ya fito shi za ki auna ki dafa shinkafar da shi, kuma gaskiya wannan ya fi kowane irin dunƙule.

Idan kazar daskararriya ce daga firiza, ki sauko da ita cikin firji tun daren jiya ta saki gaba ɗaya. Kazar da ta shiga obin da sauran ƙanƙara a jikinta ruwa take tsiyayarwa cikin shinkafa, ta sanyaya romon, sannan kusa da ƙashi ya ƙi nuna.

A ɓangaren shinkafa, turarriya doguwa, wadda ake kira 'yar gwamnati, ita ce mafi sauƙin sha'ani, saboda turarawar da aka yi mata tun tana shanshera ta sa ba ta saurin caɓewa. Basmati ma tana yi, sai dai ruwanta bai kai na waccan ba. 'Yar Hausa tana yi sosai muddin an rege ta an fitar da tsakuwa, kuma a tuna sabuwar shinkafa ta kaka ba ta shan ruwa kamar wadda ta kwana biyu a buhu. Shinkafar tuwo kam ba ta wannan aiki ba ce.

Abin da za a tanada na mutum biyar zuwa shida

Cinyoyin kaza shida zuwa takwas, kimanin kilo ɗaya da rabi. Shinkafa kofi 3, da kofin da yake cin mililita 250, wato wajen giram 600. Idan gwangwanin madara kike awo da shi babu laifi, abin da ake so dai mazubin da ya auna shinkafa shi zai auna ruwa. Romo ko ruwan zafi kofi 5 da rabi idan turarriya ce, kofi 4 da rabi idan basmati ce da aka jiƙa, kofi 5 idan sabuwar 'yar Hausa ce. Albasa manya 2, tafarnuwa sala 6, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, tattasai 2, attaruhu 2 ko 3 gwargwadon yajin gidan, tumatirin gwangwani ko na leda babban cokali 2, man gyaɗa babban cokali 3, karas 2, koren wake rabin kofi, dunƙule 2, lemun tsami 1.

Na shafa wa kazar: gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, kori ƙaramin cokali 2, tayim ƙaramin cokali 1, masoro rabin ƙaramin cokali, busasshen tattasai dakakke ƙaramin cokali 2, kurkum rabin ƙaramin cokali. Kanumfari guda 3 ko 4 a jefa cikin romo, kada ya wuce haka, domin a rufaffiyar tukunya ƙamshinsa ninkuwa yake yi har ya danne komai.

Tukunyar ita ma a duba ta. Ana son mai faɗi, santimita 28 zuwa 30, mai kaurin gindi, wadda za ta iya hawa murhu kuma ta shiga obin. Kada ta kasance da mariƙin roba, ko murfi mai kan roba, narkewa za su yi. Tukunyar dalma ta gida tana aikin nan da kyau. Faɗin yana da muhimmanci saboda idan shinkafa ta taru da zurfi a matsattsiyar tukunya, ta ƙasa caɓewa take yi ta sama ba ta nuna ba, kuma kazar ba za ta sami wurin kwanciya ba tare da hawa kan juna ba. Idan tiren gashi kawai gare ki, mai santimita 33 da 23 ya isa wannan awo, sai ki yi suyar a kasko ki juye a ciki. Tiren gilashi ba ya hawa kan harshen wuta, kuma ba a ɗora shi da zafinsa a kan jiƙaƙƙen wuri, fashewa yake yi.

Gyaran kaza

Ki gyara kazar, ki yanke tarin kitse da fatar da take reto a gefe, ki goge ta da lemun tsami saboda ƙarni. Idan kin wanke ta, ki yi a hankali cikin roba kada ruwan ya fantsama kan kwanuka da kayan lambu, domin ɗanyar kaza tana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela. Wuƙa, katakon yanka da hannuwa duk a wanke da sabulu kafin a taɓa wani abu.

Daga nan ki tsane ta sosai da tsabtataccen tsumma. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, alhali jiƙaƙƙiyar fata ba ta soyuwa, dahuwa take yi a cikin ruwanta, ta fito fara fat kuma tana danƙo. Ki daka rabin tafarnuwar da rabin cittar, ki haɗa da kayan shafawar da babban cokali ɗaya na mai, ki murza a jikin naman, ki ɗaga fatar ki cusa a ƙarƙashinta. Tafarnuwar ta fi zama lafiya a ƙarƙashin fata, wadda ta tsaya a sama ƙonewa take yi wajen suya ta yi ɗaci. Kowace cinya ki tsaga ta sau ɗaya ta ciki kusa da ƙashi don zafi ya ratsa. Ki rufe ki ajiye a firji awa biyu, ko ta kwana. Idan babu firji ko babu wuta, minti 30 ya isa, kada ɗanyar kaza ta wuni a waje cikin zafin garinmu.

Shinkafar ki wanke ta sau uku ko huɗu har ruwan ya washe, saboda garin da yake jikinta shi yake sa ta danƙo. Basmati ki jiƙa ta minti 20. Sannan ki zuba a kwando ta tsane minti goma cur. Ruwan da ya maƙale a shinkafar da ba ta tsane ba yana iya kai kusan rabin kofi, ya ɓata miki awo ba ki sani ba. Kada ki tafasa ta kafin nan, ɗanyarta ake so.

A kan murhu

Ki kunna obin tun yanzu a digiri 180 na Selshiyas, wato 350 a ma'aunin Farenhait, ko lamba 4 a obin gas mai lambobi. Yana buƙatar minti 15 kafin ya ɗauki zafi. Ki sa ragar a tsakiya. A gefe guda ki ɗora romon ya tafasa.

Ki ɗora tukunyar a wuta matsakaiciya mai ɗan ƙarfi, ki zuba sauran man. Idan ya yi zafi ki jera kazar, fata a ƙasa, ki ƙyale ta minti 5 zuwa 6 ba tare da taɓawa ba. Idan kika ɗaga kika ji ta manne, ba ta yi ba ne, in ta soyu da kanta take sakin tukunya. Ki juya ɗaya gefen minti 2, ki kwashe a faranti. Ba nuna ake nema a nan ba, launi ake nema da fitar da kitsen fata. Idan tukunyar ba za ta ɗauke su duka da tazara ba, ki yi sau biyu.

Yanzu ki duba man da ya taru. Kazar gidan gona tana iya fitar da rabin kofi na kitse. Ki rage, ki bar kamar babban cokali 3, in ba haka ba shinkafar za ta fito tana naso. Abin nan ja da ya kama a gindin tukunya kuma kada ki wanke shi, daɗin girkin yana cikinsa, sai fa idan ya yi baƙi yana ƙauri.

Ki rage wuta, ki zuba yankakkiyar albasa ta yi laushi, minti 5, kina kankare gindin da muciya. Ki sa sauran tafarnuwa da citta minti ɗaya, sai tumatirin ya soyu minti 2 zuwa 3 har ya yi duhu tsaminsa ya mutu. Ki zuba jajjagen tattasai da attaruhu ki soya har ruwansa ya ƙone mai ya taso. A nan ma akwai tarko: jajjage ko markaɗen da bai soyu ba ruwa ne. Idan kina son ta yi ja sosai kika ƙara markaɗen ɗanyen tumatir kofi ɗaya, ko dai ki ƙone ruwansa tas, ko ki rage romon da kusan kashi uku cikin huɗu na kofi.

Ki zuba shinkafar ki juya minti 2 har kowace ƙwaya ta sha mai. Wannan ɗan suyar ita take sa ta fito wara-wara. Ki zuba karas da aka yanka ƙanana, sannan tafasasshen romon da kika auna, dunƙule, kanumfari, da gishiri ƙaramin cokali ɗaya idan ruwa ne zalla. Idan romo ne mai gishiri, ki fara ɗanɗanawa tukuna.

Ki ɗanɗana ruwan yanzu, kafin kazar ta koma, domin har yanzu cikinta ɗanye ne. Ya kamata ki ji gishirin ya ɗan fi na miyar da za a sha, saboda shinkafa za ta shanye ta rage masa ƙarfi. Wannan ita ce damarki ta ƙarshe ta gyara ɗanɗano.

Dalilin nacewa a kan tafasasshen romo shi ne, obin ba ya saurin tafasa ruwa kamar murhu. Ruwan sanyi kofi biyar yana iya cin minti 20 ko fiye kafin ya fara motsi a ciki, a wannan lokaci shinkafa tana jiƙa ne kawai, ta kumbura ta waje cikinta da ƙarfi. Don haka ki bari tukunyar ta tafaso a kan murhu, ki baje shinkafar da bayan ludayi, ki tura duk ƙwayar da ta maƙale a bango ta koma cikin ruwa. Sai ki jera kazar a sama, fata tana kallon sama, ki juye ruwan da ya taru a farantin a ciki. Kada ki danna ta ta nutse, ki bar fatar a saman ruwa.

Rufi da gashi

Tururi ne yake dafa shinkafar nan, in ya tsere ta tsaya. Murfin tukunya kaɗai sau da yawa ba ya kamawa, don haka ki shimfiɗa takardar alminiyam a bakin tukunyar ki matse gefe-gefe, sannan ki ɗora murfin a kai. A tire kuwa ki ninka takardar biyu ki naɗe bakin sosai.

Ki tura obin ki bar ta minti 30 idan basmati ce, minti 35 idan turarriya ce, ba tare da an buɗe ba ko sau ɗaya. Kowace buɗewa tururi take zubarwa kuma zafin obin ya sauka. Bayan lokacin ki fito da ita, ki ɗaga takardar ta gefen da yake nesa da fuskarki, tururin yana ƙuna. Za ki ga ruwan ya kusa tsotsewa, da ƙananan ramuka a saman shinkafar. Ki watsa koren wake tsakanin yankan kazar, ki ƙara zafi zuwa 200, ki mayar a buɗe minti 10 zuwa 15 fatar ta bushe ta yi ja.

Kaza ta nuna idan ma'aunin zafi ya nuna digiri 74 a wurin da ya fi kauri ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Cinya ma ta fi daɗi idan ta kai 80 zuwa 85, lokacin da jijiyoyinta suka saki. Idan babu ma'auni, ki soke mafi girman yanka har ƙashi: ruwan da zai fito ya zama garau, naman ya daina sheƙi irin na ɗanye kuma yana rabuwa da ƙashi cikin sauƙi. Wani lokaci za ki ga jikin ƙashin ya yi duhu ko ja-ja alhali naman ya nuna, musamman a ƙananan kaji da suka kwana a firiza. Launin ɓargo ne da ya ratso ƙashi.

Bayan ta fito, ki mayar da murfin a karkace ki bar ta ta huta minti 10. A nan ne danshin ƙasa yake hawa, na sama ya daidaita. Wanda ya juya ta da zafinta nan take zai farfasa ƙwayoyin. Ki kwashe kazar, ki tsince kanumfarin, ki barbaza shinkafar da cokali mai yatsu, ki matsa lemun tsami kaɗan.

Idan ta ƙi

Idan saman shinkafar ya tsaya da ƙarfi kuma ruwa ya ƙare, murfi ne ya yi yoyo ko obin ya yi zafi da yawa. Ki cire kazar ki rufe ta a gefe, ki yayyafa rabin kofin tafasasshen ruwa, ki rufe da kyau ki mayar minti 10. Idan kuwa shinkafa ta nuna amma da sauran ruwa a ƙasa, ki cire kazar, ki mayar da tukunyar a buɗe minti 8 zuwa 10. Wadda ta riga ta caɓe ba ta dawowa, sai dai a baje ta a tire ta sha iska, a rage rabin kofin ruwa a girki na gaba.

Ƙonewar gindi ta fi faruwa a obin gas, saboda harshen wutarsa a ƙasa yake, kuma da yawa daga cikin na gidajenmu ba su da abin daidaita zafi, sai babba da ƙarama. A irin wannan, ki ɗaga ragar mataki ɗaya sama, ki sa tire fanko a ƙarƙashi ya tare zafin, ki yi aiki da wuta tsaka-tsaki. Ɗan ƙanzo mai launin zuma ba aibi ba ne, akwai gidajen da rububinsa ake yi. Idan ya yi baƙi, ki kwashe ta sama a hankali ba tare da kankara ba, don ƙaurin kada ya bi sauran.

Idan aka ɗauke wuta ana tsaka da gashi, kada ki buɗe obin nan take, zafinsa yana riƙewa na ɗan lokaci. Idan saura minti goma ko ƙasa da haka, ki bar ta a ciki minti 20 sannan ki duba. Idan da sauran tafiya, ki ɗauko tukunyar a rufe ki ɗora a kan murhu a mafi ƙarancin wuta, da kasko ko faifan ƙarfe a ƙarƙashinta, ta ƙarasa. Wannan ma wani dalili ne na fifita tukunyar ƙarfe a kan tiren gilashi.

Mai son ninka girkin saboda baƙi, kada ta ninka ruwan daidai wa daida. Ruwan da yake tafiya a tururi ba ya ninkuwa don shinkafa ta ninku. Kofi 6 na turarriya romo kofi 10 ya ishe ta. Mafi alheri ma a raba tukunya biyu, maimakon a tara a ɗaya ta yi zurfi.

Gidan da babu obin

Garwashi yana yin wannan aiki, kamar yadda ake gasa kek a tukunya. Bayan an jera kaza an rufe da takardar alminiyam da murfin ƙarfe, a rage garwashin ƙasa sosai, a kwashe mafi yawansa a baje a kan murfin, kamar kashi ɗaya a ƙasa kashi biyu a sama. Gawayin ya zama ya ruru ya yi fari, ba mai hayaƙi ba. Duk bayan minti goma a ɗan juya tukunyar gefe ba tare da an buɗe ba, don kada ɓangare ɗaya ya fi cin wuta. Bayan minti 35 a share tokar murfin tukuna kafin a ɗaga, a cire takardar, a mayar da murfin da sabon garwashi a kai minti 10 fatar ta yi ja.

Abin da ya rage kuma kada ya kwana a tukunya a waje. Dafaffiyar shinkafa tana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta, idan ta zauna da ɗumi sai ta yaɗu ta bar dafin da ɗumame ba ya kashewa. Ki baje ta a faranti mai faɗi ta huce, ki sa a firji kafin awa biyu, ko kafin awa ɗaya a lokacin bazara, a cinye cikin kwana biyu. Wajen ɗumamawa ki yayyafa babban cokali 2 na ruwa a kowane faranti, ki rufe, ki bari ta yi zafi har tsakiya tana tururi, kuma sau ɗaya tak ake ɗumama ta.